Amsoshin Tambayoyinku: Hasken da Ake Ƙirgawa Ɗaya Bayan Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Wani ɗalibina ya zo mini da labarin cewa masana suna haska lesa a kan wani ɗan ƙanƙanin abu mai suna ɗigon kwantam, sai ya riƙa fitar da ƙwayar haske ɗaya-ɗaya. Ya tambaye ni, tunda mun koya musu cewa kowane haske ƙwayoyi ne, me ya hana a rage ƙarfin lesar kanta har ta riƙa sakin ƙwaya ɗaya, a huta da wannan wahalar? Gaskiya ban ba shi amsar da ta gamsar da ni kaina ba. Don Allah a warware mana.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka isar wa ɗalibinka da gaisuwata, domin tambayarsa ta sauka daidai inda gizo yake saƙa.

Abin da kuka koya musu gaskiya ne. Tun daga aikin Max Planck a 1900 da na Albert Einstein a 1905 aka fahimci cewa haske yana zuwa ne a dunƙule-dunƙule, kuma a 1926 Gilbert Lewis ya kawo sunan foton, wanda ya bi wannan dunƙulen har yau. Ƙaramar lesa ja irin wadda malamai suke nuni da ita a allo, mai ƙarfin miliwat ɗaya, tana zubo foton kusan biliyan uku sau miliyan a kowace daƙiƙa. Rage wannan adadi ba wuya, baƙin gilashi kawai ake tarawa a gabanta. Inda matsalar take shi ne ragewar ba ta koya wa fotonin bin layi.

Ka tuna yadda yayyafi yake sauka a kan rufin kwano. Ko da ruwan ya yi ƙaranci ƙwarai, ba za ka ji ɗigon yana faɗowa a kan ƙa'ida ba: wani lokaci shiru, wani lokaci ɗaya, wani lokaci biyu a tare. Haka hasken lesa yake, kuma lissafin Poisson ya fayyace rabon. Idan aka daidaita lesa ta yadda kowane bugu, wato kowace 'yar gajeriyar walƙiya da take saki, zai ɗauki foton ɗaya a matsakaici, to cikin bugu 100 kusan 37 za su fito wayam, 37 su zo da ɗaya, sauran 26 kuwa su zo da biyu ko fiye. Idan aka ƙara ragewa zuwa kashi ɗaya cikin goma na foton a matsakaici, cikin bugu 1000 kusan 905 babu komai, 90 suna da ɗaya, kuma duk da haka wajen 5 suna ɗauke da biyu ko fiye. Gaba kura baya sayaki ke nan: ka ƙara haske biyu-biyu su yawaita, ka rage shi yawancin bugun su tafi a banza, biyu-biyun kuma ba su ƙare ba.

Saboda haka abin da ake nema shi ne wani abu da halittarsa ba za ta bar shi ya fitar da biyu a lokaci guda ba. Ƙwayar atom guda ɗaya tana da wannan hali. Tana shan foton ɗaya ta hau mataki na sama, ta sake shi ta dawo ƙasa, kuma ba ta da abin da za ta sake saki sai an ƙara ɗaga ta. A 1977, a Jami'ar Rochester ta Amurka, Kimble da Dagenais da Mandel suka nuna haka da atom ɗin sodiyom: da zarar an kama foton ɗaya, sai an ɗan jira kafin na biyu ya biyo. Wannan jiran shi ne alamar da babu fitilar duniya, ko rana, ko lesa, da za ta iya nunawa, kuma saboda shi ake kiran irin wannan haske hasken kwantam. Sai dai atom ɗaya abu ne mai wuyar riƙewa, yana buƙatar ɗakin da aka zuƙe iskarsa da tarkon lesa iri-iri kafin ya tsaya wuri guda.

Ɗigon kwantam atom ne na ƙirar hannu wanda aka binne a cikin dutsen kiristal, don haka ba ya zuwa ko'ina. Yadda ake samar da wanda aka fi amfani da shi a wannan aiki yana da ban sha'awa. Ana ɗaukar faifan galiyom asenayid, a riƙa yayyafa masa indiyom asenayid shimfiɗar atom ɗaya bayan ɗaya. Tazarar da ke tsakanin atom ɗin sinadaran biyu ta bambanta da kusan kashi 7 cikin ɗari, don haka kafin shimfiɗa ta biyu ta kammala sai sabon sinadarin ya gaji da matsin, ya tattare kansa ya zama ƙananan tsibirai, kamar yadda ruwa yake dunƙulewa a kan faranti mai maiƙo. Kowane tsibiri faɗinsa wajen nanomita 20 ne, tsayinsa 'yan nanomita kaɗan, alhali kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari. Daga nan sai a rufe su da ƙarin galiyom asenayid. Elektiron da ya faɗa cikin wannan ƙunci ba ya iya ɗaukar kowane irin kuzari da ya ga dama, sai matakai ƙididdigaggu kamar na atom. Idan aka ɗaga shi ya bar gurbi a ƙasa, cikin kusan kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa zai koma gurbinsa, kuzarin da ya rage ya fita a matsayin foton ɗaya. A shekarar 2000 Peter Michler da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka nuna cewa ɗigo ɗaya yana iya bayar da foton ɗaya a kowane bugu.

Yadda ake tabbatarwa kuwa dabara ce da ta girmi ɗigon kansa, ta Hanbury Brown da Twiss ta 1956. Ana tura hasken kan madubin da ke raba shi gida biyu, a sa na'urar ganowa a kowane gefe. Foton ɗaya ba ya rabuwa, dole ya bi hanya ɗaya, don haka idan na'urorin biyu suka yi ƙara a tare, an san biyu ne suka zo. A 2018 wata ƙungiya a Istokholm ta ƙasar Suwidin ta sauko da wannan ma'auni zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu goma na abin da lesa mai irin wannan ƙarfi za ta nuna. Wannan ita ce amsar da zan so ɗalibinka ya riƙe.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu. A takardun da nake karantawa ana yawan jaddada cewa sai launin lesar ya zo daidai da launin hasken da ɗigon yake fitarwa. Me ya sa ake nacewa a kan haka? Kuma idan launinsu ɗaya ne, ta yaya za a bambanta foton ɗin ɗigo da na lesar da aka haska masa?

Amsa: Barka kadai Malama. Tambayarki biyu ce, kuma ta biyun ita ce ta hana masana barci shekaru da dama.

A gwaje-gwajen farko ba a dace launi ba. Ana haska lesa mai kuzari fiye da abin da ɗigon yake buƙata, ta tayar da elektiron masu yawa a cikin kiristal ɗin da ke kewaye, sai wasu su gangaro su faɗa cikin ɗigon. Wannan kamar mutum ne ya kwarara bokitin ruwa a tsakar gida domin ya cika wani ɗan rami: ramin zai cika, amma ba ka san daidai lokacin da zai cika ba, kuma ka jiƙa ko'ina. Illar biyu ce. Ta farko, lokacin gangarowar ba shi da tabbas, don haka wani foton ya fito da wuri, wani ya makara. Ta biyu, sauran cajin lantarki da aka tayar suna yawo a gefen ɗigon, suna maƙalewa suna sakewa, kuma kowane motsinsu yana ɗan karkatar da launin da ɗigon zai fitar. Sakamakon shi ne ana samun foton ɗaya-ɗaya, amma ba su yi kama da juna sosai ba.

Mai karatu zai iya cewa to mene ne a ciki, ai foton foton ne. Ba haka abin yake ba. Hasan da Husaini ko sun yi kama kamar an tsaga kara, mahaifiyarsu tana gane su, alhali abin da ake so a nan shi ne kamar da babu wani ma'auni, ko a ƙa'ida, da zai iya rarrabewa: launi ɗaya, tsawon lokaci ɗaya, yanayin kaɗawa ɗaya. Akwai gwajin da Hong da Ou da Mandel suka yi a 1987, a Rochester ɗin dai. Idan foton biyu suka iso madubi mai raba haske a lokaci guda, ɗaya ta kowane gefe, kuma babu abin da ya bambanta su, to kullum tare suke fita ta ƙofa ɗaya, ba sa taɓa rabuwa. Gwargwadon bambancinsu, gwargwadon yadda za a riƙa ganin sun rabu. A 2002 ƙungiyar Yoshihisa Yamamoto a Jami'ar Stanford ta nuna wannan hali da foton ɗin ɗigon kwantam, amma kamar tasu ba ta cika ba. Wannan haɗuwa a madubi kuwa ita ce kusan hanya ɗaya tilo da foton biyu suke iya shafar juna a cikin na'urar lissafi ta haske, don haka duk gibin da aka samu a nan kuskure ne a lissafi.

Dacewar launi ita ce maganin illolin biyu. Duk wanda ya taɓa murza rediyo yana neman tasha a gajeren zango ya san cewa akwai daidai wurin da murya take fitowa tas, ka ɗan gota kaɗan sai shuuu. Ɗigon ma yana da tasharsa. Idan lesar ta zo daidai a kanta, kuzarin yana shiga matakin da ake so kai tsaye, ba a tayar da kowa a unguwar ba, kuma babu jiran gangarowa. Ƙari a kan haka, lesar tana samun iko a kan elektiron ɗin har ta riƙa juya shi tsakanin ƙasa da sama. Idan aka ƙara ƙarfin bugun a hankali, hasken da ɗigon yake bayarwa yana ƙaruwa har ya kai ƙololuwa, sannan ya fara raguwa har ya kusa ɓacewa, sannan ya sake tashi. Ana danganta wannan kai-komo da sunan Isidor Rabi. Abin yana ba ɗalibai mamaki a karon farko, wai an ƙara haske amma amsa ta ragu, alhali dalilin a fili yake: bugun ya ɗaga elektiron ɗin, kuma da yake ƙarfinsa bai ƙare ba sai ya sake dawo da shi ƙasa. Bugun da ya tsaya daidai a rabin zagaye, wanda ake kira bugun fai, shi ne yake barin elektiron a sama kusan kowane karo. Ana yin sa gajere ƙwarai, 'yan kashi cikin tiriliyan na daƙiƙa, domin ya wuce kafin ɗigon ya saki fotonsa, in ba haka ba zai sake ɗaga shi a samu biyu.

Idan kuma aka bar lesar a kunne da ƙarfi ba yankewa, layin launin ɗigon yana rabuwa gida uku, babba a tsakiya da ƙanana biyu a gefe. Benjamin Mollow ya hango haka da lissafi tun 1969 game da atom, kuma ganin sa a ɗigon kwantam, musamman a rahotannin 2009 daga Kambirij ta Ingila da Ostin ta jihar Tekzas, ya tabbatar wa masu shakka cewa wannan dunƙulen dubban atom da gaske yana amsa haske kamar atom guda.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Kowane bugun lesa yana ɗauke da foton masu ɗimbin yawa, wasu suna dawowa daga fuskar kiristal ɗin, a cikinsu kuma ake neman guda ɗaya mai irin launinsu sak. Matatar launi ba ta da amfani a nan. Ƙungiyar Chih-Kang Shih a Ostin, wadda ta fara cin nasara a 2007, ta bi ta gefe ne: ta shigar da lesar ta bakin faifan ta bi tsakanin shimfiɗu a kwance, ta kuma tattara hasken ɗigon ta sama. Hanyar da ta fi yaɗuwa daga baya ta dogara da yanayin kaɗawar haske. Ana sa lesar ta kaɗa ta fuska ɗaya, misali a tsaye, sannan a sa matata a gaban na'urar ganowa wadda ba ta barin komai ya wuce sai mai kaɗawa a kwance. Idan an daidaita da kyau ana danne hasken lesar fiye da sau miliyan. Da wannan dabara ƙungiyar Chao-Yang Lu da Jian-Wei Pan a birnin Hefei na ƙasar Sin ta samu, a 2013, foton da kamarsu ta kai kusan kashi 97 cikin ɗari.

Kowane allazi da nasa amanu. Matatar da ta tare lesar tana tare rabin foton ɗin ɗigon ma, domin rabinsu suna fitowa da irin kaɗawar lesar. Ga kuma wata asara da ta riga wannan: galiyom asenayid yana lanƙwasa haske sosai, har idan aka bar faifan a shimfiɗe kusan kashi 2 cikin ɗari kawai na hasken yake iya fita ta sama. Don haka ake gina wa ɗigon ɗan ɗaki tsakanin madubai biyu, wanda yake tilasta wa foton fita ta hanya ɗaya kuma yake sa ya fita da sauri ninki da dama, abin da Edward Purcell ya yi bayaninsa a 1946. A 2016 ƙungiyar Pascale Senellart a Faransa da ta Hefei, kowacce da kanta, suka haɗa irin wannan ɗaki da lesa mai dacewa, kamar da foton suke yi da juna ta haura kashi 98. A 2021 ƙungiyar Richard Warburton a Basel ta ƙasar Suwizalan ta yi amfani da ɗakin da yake fifita kaɗawa ɗaya a kan ɗaya, ta kauce wa asarar rabin nan, har ta samu foton a ƙarshen zaren gilashi mai ɗaukar haske a kashi 57 cikin ɗari na bugun da aka yi.

Akwai masu kauce wa matsalar gaba ɗaya. Wasu suna daidaita lesar ta yadda foton biyu nata za su haɗu su ɗaga elektiron biyu a lokaci guda. A nan launin lesar yana faɗawa tsakanin launukan biyu da ɗigon zai fitar, don haka matatar launi ta dawo da amfaninta, kuma foton biyun da suke fitowa ɗaya bayan ɗaya suna iya kasancewa a sarƙe da juna irin sarƙewar kwantam, wato abin da aka auna a ɗaya yana ɗaure da abin da za a samu a ɗayan. Wannan ce hanyar da mutanen Istokholm suka bi. Wasu kuma suna ɗan ɗaga kuzarin lesar kaɗan sama da tashar, su bar girgizar kiristal ɗin ta shanye rarar. A ganina, idan za ki karanta kowace takarda a wannan fanni, kada lamba ɗaya ta ruɗe ki. Ki nemi uku tare: tsabtar ɗaya-ɗaya, kamar foton da juna, da kuma kashi nawa ne suka isa hannu. Samun biyu cikin ukun ya daɗe da zama ruwan dare, gasar tana wajen haɗa su duka a na'ura guda.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mai sayar da kayan lantarki ne a Kano. Muna da talabijin da aka rubuta wa QLED, kuma an ce ɗigon kwantam ne a ciki. Shin hasken kwantam muke sayar wa mutane?

Amsa: Allah ya ba da kasuwa, Alhaji. Dangi ne amma ba abu ɗaya ba. Na cikin talabijin ana dafa su ne a ruwan sinadari, zuriyar aikin Alexei Ekimov da Louis Brus a farkon shekarun 1980 da na Moungi Bawendi a 1993, mutum ukun da suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. Aikinsu a talabijin shi ne su sha shuɗin haske daga baya su mayar da shi ja ko kore mai kyau, gwargwadon girman kowane ɗigo. Da yake ba su ƙirguwa kuma kowanne yana sakin nasa lokacin da ya ga dama, abin da ke isa idon mai kallo haske ne na yau da kullum. Wanda muke magana a kai ɗigo ɗaya ne tak, a cikin na'urar sanyi da ke riƙe shi a wajen digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, domin a zafin ɗaki girgizar atom ɗin kiristal tana ɓata kamar foton ɗin gaba ɗaya.

Tambaya: Malam, duk wannan ɗawainiya, ina amfaninta ga mutane? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Tambaya ce da ta dace, ɗan'uwa, kuma zan amsa ba tare da zuzutawa ba. Amfani na farko da ake ambata shi ne sirrin sadarwa. A tsarin da Charles Bennett da Gilles Brassard suka gabatar a 1984, ana aika mabuɗin sirri a kan foton ɗaya-ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa foton a hanya zai bar alama. Idan bugu ya zo da biyu, ɓarawo yana iya ɗauke ɗaya ya bar ɗaya ya wuce ba a sani ba. Sai dai injiniyoyi sun samo dabarar cakuɗa bugun lesa masu ƙarfi daban-daban domin kama irin wannan ɓarawo, kuma yawancin na'urorin da ke aiki a yau da raunanniyar lesa suke yi. A wannan fage ɗigon kwantam bai kori lesa ba tukuna. Ga shi kuma ɗigon indiyom asenayid da aka saba da shi yana fitar da haske a wajen nanomita 900 zuwa 950, alhali zaren gilashin da ke ɗauke da intanet ya fi son 1550, don haka sai an sauya launin ko an ƙera wani irin ɗigo.

Inda ba shi da madadi mai sauƙi shi ne lissafi da haske. A 2001 Knill da Laflamme da Milburn suka nuna cewa ana iya gina kwamfutar kwantam da madubai da na'urorin ganowa kawai, muddin akwai foton ɗaya-ɗaya masu kama da juna a duk lokacin da aka buƙata. A nan lissafin asara ba shi da tausayi: idan kowane foton yana isowa rabin lokaci, samun ashirin a tare sau ɗaya ne cikin kusan miliyan. A 2019 mutanen Hefei suka shigar da foton 20 daga ɗigo guda cikin irin wannan na'ura, kuma kamfanin Quandela na Faransa, wanda aka kafa a 2017 daga ɗakin binciken Senellart, yana ƙera ƙananan kwamfutocin haske a kan wannan tushe. Har yanzu ƙanana ne, ba su fi kwamfutar ofis amfani a aikin yau da kullum ba.

Babban ƙalubalen da ya rage ya samo asali ne daga yadda tsibiran suke tsirowa da kansu: babu biyu da suke fitowa da girma ɗaya, don haka kowane ɗigo da tasharsa. Foton biyu daga ɗigo ɗaya suna kama, amma daga ɗigo biyu daban sai an sa kowanne a tsakanin wayoyin lantarki, a riƙa murza ƙarfin wutar har launukan su haɗu, a kuma kwantar da cajin da ke kewaye. A 2022 ƙungiyar Basel ta yi haka da ɗigo biyu da ke cikin na'urorin sanyi daban-daban, kamar fotonsu ta kai kashi 93 cikin ɗari.